Gurbin Ƙaho a Akwatin Papa Octave

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe za a binne Papa Octave, aka nemi ƙahonsa aka rasa.

Abin ya shafe ni, domin ni na ƙera akwatin. Sunana Silas, kafinta ne ni, kuma dattijo a cocinmu na unguwar Tremé. Matar mamacin, Madam Eulalie, da ƙafarta ta zo shagona ta ce in faɗaɗa akwatin ta hannun dama, in fitar da gurbi daidai ƙaho. "Shi ya raba ni da mijina yana da rai," in ji ta, "to su tafi tare in huta." Na yi gurbin, na shimfiɗa masa jan ƙyalle. Ban ga aibun shawararta ba. Na daɗe ina faɗa a gaban kowa cewa gidajen kiɗan jaz na nan New Orleans sun fi kogi cin mazaje.

Kafin jana'iza an ajiye ƙahon a gidan kiɗan Gaspard, inda Papa ya yi rabin rayuwarsa yana busa. An ɗora shi a kan tebur kusa da dandamali, ga hotonsa ga furanni, masoya suna zuwa bankwana. Shirin shi ne ranar Asabar ayari zai tsaya a ƙofar gidan, a sa ƙahon a gurbinsa, ni kuma in buga ƙusa. Na je ne in sake gwada tsawonsa, kuma ranar na fara taka cikin gidan nan. Na tarar unguwa ta cika ƙofa.

A kan teburin ba abin da ya rage sai hoton da furannin, sai bakin ƙahon, wato ɗan ƙarfen nan mai kamar ƙaramin kofi da mabushi ke ɗorawa a leɓe. An cire shi an ajiye a tsakiyar ƙyalle, a tsaye.

"Mutum ɗaya ke da mabuɗi bayan ni," Gaspard yake cewa, yana share gumi da tawul. "Kai Narcisse, na ɗauke ka lokacin da ba mai ba ka ko ruwan sha."

Narcisse shi ke kaɗa babbar ganga a badujalar Papa, shi ke share gidan da sassafe. Ya yi shekaru a kurkuku saboda wani faɗa na ƙuruciya, aka sake shi bisa sharaɗi. Ƙorafi ɗaya ya isa a mayar da shi ya ƙarasa abin da ya rage, kuma abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Yana tsaye riƙe da tsintsiya.

"Ban ɗauka ba, maigida."

"To wa ya ɗauka? Mala'ika?"

"Ban ɗauka ba."

Wata mata daga ƙofa ta ce ita dama can ba ta yarda da idonsa ba. Nan take uku suka goyi bayanta. Haka mutanenmu suke. Ba kama ɓarawo ke faranta musu rai ba, a ce dama sun sani shi ne daɗinsu.

"In na kunna fitilun gidan nan da yamma ƙaho bai dawo ba, 'yan sanda zan kira," in ji Gaspard. "Kuma gobe ba za ka taɓa gangar nan ba."

"Kafin nan kowa ya tsaya inda yake," wata murya ta ce daga baya. "Kun tattake min rabin labari."

Remy ne. Ƙaton mutum, maharbi daga fadamar kudu, mai bin sawu. Lokacin sanyi yana can cikin ruwa da laka yana haƙon ɓerayen fadama saboda fatarsu. Da sanyi ya wuce sai ya hau gari da kwat ɗinsa guda, ya riƙa bin gidajen kiɗa ɗaya bayan ɗaya har aljihu ya bushe. In saniya ta ɓata ko mutum ya shiga fadama bai fito ba, shi ake nema, kuma ba ya gajiya da ba da labarin da bakinsa. Ya shigo yana gutsurar burodi da soyayyen kifi.

"Dattijo Silas a gidan Gaspard? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Riƙe min hula. Ina neman mai shaida wanda ba ya son kowa a nan, kai ne daidai."

*

Kullum bayan shara Narcisse yana barbaɗa sabon garin katako a ƙasa. Daga shagona ake ɗebo shi. Remy ya durƙusa da ƙyar, ya karkata kai yana kallon garin ta inda hasken ƙofa ke kwanciya.

"Ga Gaspard, mai tafiya kamar agwagwa. Ga takalmin mace marar tsini, ya je teburi ya dawo."

"Corinne ce, 'yar Papa," in ji Gaspard. "Ta kawo sababbin furanni da sassafe. Kowa ya sani."

"Madalla. Ga Narcisse ko'ina, aikinsa ne. Ga kuma wani mai takalmi mai tsinin baki, ya shigo ta ƙofar baya kamar kyanwa." Ya rarrafa zuwa bayan wani ginshiƙi, ya daɗe a can yana dubawa.

Da ya miƙe sai ya ɗauki bakin ƙahon. Ya ɗaga shi saitin taga ya leƙa ciki da ido ɗaya. Ya sake leƙawa. Na ga taunarsa ta tsaya. Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu.

"Dattijo, wanda ya zo satar abin sayarwa ba ya tsayawa ya cire baki ya ajiye shi a tsaye kamar kyandir. Wannan mabushi ne. Mabushi zai ari rigarka, ya ari gadonka, in ka yi sake ya ari budurwarka, amma ba ya sa leɓensa a bakin ƙahon wani. Kowa da nasa a aljihu."

"Gyara harshenka, akwai mamaci," na ce.

"Mamacin ya fi ni baki. Mu je."

*

Mun sami Narcisse a bayan gida, zaune a kan akwatin kwalabe.

"Ɗan'uwa," in ji Remy, "ka tsaya bayan ginshiƙi har tsintsiyarka ta yi rami a ƙasa. Wa kake kallo?"

"Hutawa nake."

"Mai hutawa ba ya tsayawa a kan yatsun ƙafa."

Narcisse ya dubi hannuwansa.

Na ce, "Wanda ya ga gaskiya ya ɓoye ya yi ƙarya, ko bai buɗe baki ba."

"Na yi wa Papa alkawari yana kan gadon mutuwa, Dattijo. Kai ne mai karatu. Gaya min wanne ya fi nauyi."

"Za ka koma kurkuku fa," in ji Remy.

"Na san hanya."

Karatun da nake da shi ni na koya wa kaina, da fitila da Littafi guda, kuma ban cika rasa amsa ba. A nan na rasa.

*

Duk Tremé mutum ɗaya ke sa takalmi mai tsini irin wannan, Leander, mabushin da ya daɗe yana jiran a ce shi ne magajin Papa. Mun same shi a wani gidan kiɗa a titin Rampart, suna gwaji da rana, kujeru a kife a kan tebura, wurin yana warin giyar jiya.

Na yi niyyar tsayawa a ƙofa. Remy ya ja ni ya zaunar.

"Ba a katse waƙa, Dattijo. Ko a cocinku ba a yi."

Waƙar cocinmu ce ma suke yi, wadda muke rerawa ana ɗaga gawa. Na murtuke fuska don in nuna ban yarda ba. Ƙahon Leander ya ɗauke ta a miƙe, yadda na san ta. Sai baƙar sarewa ta shigo tana nannaɗe ta kamar kurangar da ta samu shinge. Dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa ya riƙa amsawa daga ƙasa, kamar tsoho mai cewa amin. Ba takarda a gaban kowa. Ba wanda ya dubi wani. Kowa ya kama hanyarsa, na ce a raina yanzu za su watse, abin zai zama hayaniyar kasuwa. Ba su watse ba. Kowa ya yi nisa iyakar nisansa, sannan duk suka sauka a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar yadda haɗin katako ke shiga ramin da aka sassaƙa masa ba tare da ƙusa ba. Na yi shekaru ina sassaƙa, na san abin da irin wannan haɗi ke ci. Waɗannan mashaya da iska suke yin nasu.

Na duba sai na ga Remy ya rufe ido, hawaye yana bin kumatunsa, yana murmushi.

"Ƙafarka tana motsi," ya raɗa min.

"Sauro ne."

Leander ya sauko yana goge ƙahonsa. Gajere ne, ga gashi ya sha mai. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya.

"Na je, Kawu Remy. Kuma sata na je yi, ba zan ɓoye ba. Ƙahon da ya tashi unguwar nan daga barci tun ban san hagu da dama ba, a tura shi rami don wata tsohuwa ta huce? Na shiga, na tarar an riga ni. Ko waye, ina yi masa addu'a."

"Kana alfahari da niyyar sata," na ce.

"Ina baƙin cikin makara, Dattijo."

"Na san ba kai ba ne," in ji Remy. "Sawunka ya tsaya nesa da teburi, hannunka kuma ba na biri ba ne. Abu ɗaya na zo tambaya. Ka ji Papa a bayan katanga cikin sanyin nan?"

Nan Leander ya daina dariya. Kowa a unguwa ya san wannan. Tun da Papa ya daina hawa dandamali saboda ciwon ƙirji, kullum da la'asar sai a ji ƙahonsa daga tsakar gidansa, bayan doguwar katangar katako. Mutane sukan taru a lungu su saurara. Ni kaina nakan ajiye zarto.

"Na ji," in ji Leander. "Har na daina zuwa. Tsohon ya fi yadda yake da. Numfashi kamar na saurayi, ya riƙe murya ɗaya har sai ka ji ƙirjinka na ciwo. In na ji shi da la'asar, ranar ba na iya busa."

Da muka fito Remy ya taɓa tsakiyar leɓensa na sama.

"Ka ga ɗan farin zoben da ke nan a leɓensa? Duk mai busa kullum yana da shi. Sawu ne shi ma."

*

Gidan makoki ya cika da mata da ƙamshin jan wake da shinkafa. Madam Eulalie tana zaune kusa da gawar, a miƙe kamar sanda. Ta yi rayuwarta tana dafa wa wasu masu hali abinci a can saman gari, ta fita da safe ta dawo da duhu, kuma ita ta riƙe gidan nan, ba ƙaho ba. Wannan gaskiya ce, a faɗe ta.

'Yarta Corinne ce ke raba kofi. Ta haura arba'in, ba ta yi aure ba, wanki da guga take yi a gida, ita ta yi jinyar uban. Da Remy ya gaishe ta sai ta danna hankici a baki ta sunkuyar da kai. Na ɗauka kuka ne.

"Madam," in ji Remy, "ke kika kai ƙahon gidan Gaspard?"

"Ni na kai har ƙofa. Ina son in ga fitarsa daga gidana da idona."

"Da bakinsa a jiki kika same shi?"

"A'a. Ƙahon yana ƙarƙashin gado, ba baki. Sai a rumfar baya na tsinci bakin, a kan katakon taga, ya yi ƙura. Na goge na cusa. Me ya kawo wannan tambayar?"

"Son surutu ne, Madam. Ki yi haƙuri ki zo gidan Gaspard kafin a kunna fitila. Ke da Corinne."

"Ban taɓa shiga wurin nan ba."

"Dattijo ma yau ya fara, ga shi bai mutu ba."

*

Rana ta yi ƙasa lokacin da muka taru. Gaspard yana bayan kantar sayar da giya kusa da tarho. Narcisse yana tsaye a bakin ƙofar baya, ya sa tsohuwar kwat ɗinsa, ya naɗe 'yan kayansa a takarda. Ya riga ya shirya tafiya. Leander ya zo da ƙahonsa. Madam Eulalie ta zauna a bakin kujera kamar kujerar za ta ɓata mata riga, Corinne a bayanta da hankici.

Remy ya kwance bakin ƙahon ya miƙa wa Leander.

"Busa mana."

"Bakin Papa? Allah ya kiyaye."

"Yau kaɗai. Mai shi ya yafe."

Leander ya goge shi, ya ɗora a leɓe, ya hura. Kumatunsa suka kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi. Ko iska ba ta fita ba.

Remy ya karɓa, ya ciro tsinke, ya soka ta ƙasa, ya buga a kan teburi. Busasshiyar laka ta zubo a kan ƙyalle, da ɗan kwanson ƙwaro.

"Zanzaro," in ji shi. "Ya samu rami ya yi gini, ya sa ƙwai, ɗan ya ƙyanƙyashe ya tafi. Zanzaro ba ya gini sai da zafi. Yanzu sanyi ne ke ƙarewa. Wato tun zafin bara ba wanda ya hura iska ta bakin nan. Amma duk cikin sanyi kun tsaya a lungu kun ji ƙahon Papa. Ni ma na ji ranar da na hau gari, har na zauna a ƙasa. Ƙahon nasa ne. Bakin da leɓen ba nasa ba ne."



"Mutumin da ba ya iya kashe kyandir da numfashinsa," Madam Eulalie ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Maƙwabta suna ce min ya yi busa, ina cewa taurin kai ne ke busawa."

"Ba zan kira suna ba," in ji Remy. "Ni sawu nake bi, in na kawo bakin rami aikina ya ƙare. Gaspard, kunna fitilarka."

Gaspard ya miƙa hannu ga makunni. Narcisse ya gyara ƙunshinsa a hammata.

"Bari, Kawu Gaspard."

Corinne ce. Ta sauke hankicin. Ko daga inda nake na ga ɗan farin zoben a leɓenta.

"Yana cikin kwandon wankina, ƙarƙashin zannuwa. A kwandon na kawo furanni, a kwandon na fita da shi. Narcisse ya gan ni." Ta juya ga uwarta. "Tun ina ƙarama yake koya min, Mama, in kin fita aiki. Da ƙirjinsa ya ƙi, sai ya zauna a kujera ni in busa, yana buga ƙafa yana zagina in na yi kuskure. Ya ce kada kowa ya sani, don kada ki ce ƙaho ya cinye miki mutum biyu. Bakin nasa ne, shi ya sa na bar masa. Amma ƙahon... na kasa."

"Kai kuma tun yaushe ka sani?" Gaspard ya tambayi Narcisse.

"Tun la'asar ta farko, maigida. Na yi shekaru ina kaɗa wa Papa. Shi kullum a bayan bugun ganga yake shigowa, kamar mai jan ƙafa. Wannan a gaba take shigowa. Na gaya masa na gane, ya sa na rantse."

Sai na miƙe, domin akwai abin da ba wanda ya faɗa.

"Corinne, tun hantsi kin san abin da ake yi wa mutumin nan?"

"Na sani, Dattijo. Na ce in an rufe akwati gobe zan faɗa."

"Gobe da yana hannun 'yan sanda, kuma wanda aka saki bisa sharaɗi ba a tambayarsa dalili sau biyu. Kin so ƙahon ubanki, ban ga laifinki ba. Amma kin bar mutum ya yini da sunan ɓarawo yana kare ki, ke kina raba kofi. Wannan zunubi ne, kuma iya busa ba ya wanke shi. Kai ma Gaspard, da bakin da ka zarge shi a gaban unguwa, da shi za ka wanke shi a gaban unguwa."

Corinne ta taka har gaban Narcisse. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya Narcisse, na cuce ka."

"Kin dai makara, ƙanwata," in ji shi. "Abin da ba ki taɓa yi a waƙa ba."

Gaspard ya fito daga bayan kanta, ya zare ƙunshin daga hammatar Narcisse ya ajiye, ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce zai faɗa a ƙofa, da ƙarfi. Ya kuwa faɗa, ina tsaye.

Saura Madam Eulalie. Ƙahon nata ne yanzu, gurbin kuma yana jira a shagona.

"Je ki ɗauko," ta ce wa 'yarta. "Duk unguwa ta ji, ban da ni."

Corinne ta dawo da kwandon. Ta ciro ƙahon daga cikin zannuwa, ta zaro nata bakin daga zaren da ke wuyanta, ta cusa. Ba ta hau dandamali ba. A nan ƙasa ta tsaya, cikin garin katakona, da rigar makoki da hannuwan da sabulu ya cinye.

Muryar farko ta fito a hankali, siririya, ta tsaya a iska ba ta rawa. Ta riƙe ta. Ta ci gaba da riƙe ta har na ji kwalaben da ke kan kanta suna amsawa. Sannan ta sake ta, ta gangaro da ita mataki mataki zuwa cikin waƙar nan ta ɗaga gawa, tana lanƙwasa kowace gaɓa kamar mai magana da wanda ke kwance. Ban san ƙarfe yana iya roƙo ba sai ranar. Leander ya ajiye nasa ƙahon a ƙasa ya cire hula. Remy ya zauna daɓas. Can sai na ji wani bugu mai taushi a ƙarƙashin waƙar, ashe Narcisse ne ke buga tafin hannu a jikin ƙofa, ita kuma tana shigowa a gabansa kaɗan, yadda ya faɗa. A waje titi ya yi tsit. Mutane sun san muryar. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, ta ga mai busawa, ta yi alamar gicciye.

Ina nan a kan bakana game da giya da abin da take yi wa gidaje. Amma wanda ya ce abin da na ji a wurin nan na Shaiɗan ne, bai ji ba.

Da ta gama, Madam Eulalie ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki tsohon bakin daga kan ƙyalle, ta hure sauran lakar, ta ba ni.

"Dattijo, sa masa wannan. Ya ishe shi." Ta dubi 'yarta. "Ke kuma in za ki busa, ki busa a inda za a ga fuskarki. Kuma ki dawo gida kan lokaci."

*

Ranar Asabar ayari ya tsaya a ƙofar Gaspard kamar yadda aka shirya. Na buɗe murfin, na ajiye ɗan bakin a cikin gurbin da na sassaƙa wa ƙaho guda. Ya yi ƙanƙanta a wurin kamar tsakuwa a kwano. Na buga ƙusa.

Al'adarmu ita ce a raka gawa da kiɗa mai nauyi, taki ɗaya ɗaya, sai an sallame ta a maƙabarta sannan a juya kiɗan ya zama na rawa. Mai babbar ganga ne ke ba da takin farko, ba mai ɗaga ƙafa sai ya buga. Narcisse ya rataya gangarsa a gaban duk waɗanda jiya suka ce dama sun sani. Corinne tana gefensa, a sahun maza, a wurin ubanta.

Ina cikin masu ɗaukar akwatin daga ƙofa zuwa mota, kafaɗata ta dama a daidai gurbin. Narcisse ya ɗaga sanda ya buga. Muka taka. A cikin katakon, dab da kunnena, ɗan bakin ya gangara ya bugi gefe. Ya sake bugawa, muka sake takawa, ya sake gangarawa, kullum kaɗan a bayan bugun ganga, kamar mai jan ƙafa.